Gidan Koyi a Malam Inna

Damboa ta faɗa hannun 'yan bindiga a watan Yulin 2014, cikin azumi, kuma kafin Babbar Salla da wuya a sami unguwa a Gombe wadda ba ta karɓi rabonta na waɗanda suka tsero ba. Kaɗan ne daga cikinsu suka zauna a sansani. Mafi yawa gidajen dangi suka shige, aka rufe ƙofa, kuma abin da ya same su a bayan waɗannan ƙofofi, alheri ne ko akasinsa, bai shiga rahoton kowa ba.

Mairamu na cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa. Ta iso unguwar Malam Inna da goyon ɗanta Hudu, mai shekara ɗaya da 'yan watanni, ba tare da mijinta Suhaibu ba, domin sun rabu a daji ranar gudu. Gidan wan mijin ta sauka, Malam Bappayo, inda mahaifiyarsu Goggo take zaune. Aka kwashe buhunan masara daga ɗakin da ke jikin madafa, aka shimfiɗa mata tabarma da katifa.

Duk wanda ya ji gidan da ta sauka sai ya ce ta yi sa'a. Bappayo jami'i ne a shirin yaƙi da tamowa, wato cutar yunwa da ke cinye ƙananan yara, wanda wata ƙungiyar waje take gudanarwa tare da hukumar lafiya. Ya fara daga makarantar koyon aikin lafiya, ya yi digiri a fannin abinci mai gina jiki, an tura shi kwas ƙasashen waje har sau biyu. Shi ke horar da masu sa-kai da ke bin gidaje suna auna dantsen yara da wani tef mai launi uku: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja a garzaya asibiti. Tef ɗin ba ya rabuwa da aljihun gaban rigarsa. Saboda tsabtar gidansa da lafiyar 'ya'yansa uku, shirin ya zaɓi gidan a matsayin gidan koyi, inda ake tara matan unguwa a nuna musu yadda ake ciyar da yara.

Nonon Mairamu ya ƙafe tun a hanya. Yaron yana shan kunu kaɗan, ya kawar da kai, ga zawo da ke zuwa yana tafiya. Bayan ta yi mako biyu, wata safiya ta durƙusa a gefen tabarmar da Bappayo ke karin kumallo.

"Yaya, ina kwana. Na ce ko za ka duba mini Hudu? Kullum raguwa yake yi."

Bappayo ya ɗaga hannun yaron, ya zagaya masa tef. Ya tsaya a rawaya, dab da ja. Ya naɗe tef ɗin da sauri ya mayar aljihu.

"Wahalar hanya ce, Mairamu. Duk yaron da ya yi tafiyar da ya yi haka zai zama. Ki riƙa sa masa gyaɗa a kunu."

"Na ji Anti Su'ad tana cewa a wurin aikinku ana ba yara magani kyauta."

Su'ad matar Bappayo ce, malamar firamare, mace mai kirki wadda ba ta son abin da zai ɗaga murya a gidanta. Ta sunkuyar da kai kan kwanon da take wankewa.

"Ana bayarwa," in ji Bappayo. "Amma waɗanda ba su da kowa ake ba. Ke kina gidan da asibitin kansa yake zuwa neman shawara. Me za ki je yi a layi cikin rana?"

Abin da bai faɗa ba shi ne, duk yaron da aka karɓa a shirin, masu sa-kai sukan bi shi gida kowane mako. Waɗanda shi ya horar, su ne za su yi sallama a zaurensa su ce sun zo duba mai tamowa. A daidai lokacin kuma ana maganar buɗe kujerar shugaban shirin na shiyya, kuma sunansa na cikin waɗanda ake ambata.

A farkon Nuwamba wani direban babbar mota da ya san Suhaibu ya zo da labari. Ya ce an harbe shi tun ranar gudun, a bakin wani rafi, kuma babu wanda ya iya tsayawa ya binne shi. Goggo ta yi kwana uku a ɗakinta. A rana ta huɗu ta shiga ɗakin Mairamu da zane da mayafi marasa ado, ta zauna a bakin katifa.

"Ɗana bai sami wanka ba," in ji ta. "Bai sami likkafani ba, bai sami salla ba, ba ni da kabarin da zan ce ga inda yake. Takabarki ce kaɗai abin da ya rage masa a duniya. Daga yau za ki fara, wata huɗu da kwana goma. Ƙafarki ba za ta taka zaure ba. Kin ji ni, 'yata?"

"Na ji, Goggo."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Da ta gama sai ta rungume ta, suka yi kuka tare. Bappayo yana tsaye a tsakar gida, ya ji komai, ya ce abin da Goggo ta yanke shi ne daidai.

Daga nan duniyar Mairamu ta zama ɗaki, da madafa, da banɗaki, da igiyar shanya. A cikin wannan ɗan fili ta zauna tana kallon ɗanta yana ƙarewa. Ya daina rarrafe. Ya daina miƙa hannu idan yaran gidan suka wuce da gudu. Duwawunsa suka zube, fatar ta yi laushi kamar tsohon wando. Ba ya kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan sauti siriri da ke fita ba tare da ya buɗe ido ba.

Ta sake durƙusawa. Wannan karon Bappayo bai ciro tef ba.

"Haƙora ne," in ji shi. "Amma tunda hankalinki ya ƙi kwanciya, zan kawo masa abin da ake ba su a can. Ba sai kin je ba."

Ya kawo abincin tamowa, wani kwaɓin gyaɗa da madara da sukari a ƙananan ledoji, ya miƙa wa Goggo domin ita ke rabon komai a gidan. A asibiti ana gaya wa kowace uwa cewa wannan magani ne, na yaro ɗaya ne, ba a rabawa. Bappayo da kansa ya tsara kalmomin da ake faɗa. Bai faɗa wa mahaifiyarsa ba, domin da ya faɗa, da ya ambaci sunan cutar a cikin gidansa.

Goggo ta yi abin da ta tashi ta ga ana yi. A gidan da ta girma, yaro ba ya cin abu mai daɗi 'yan'uwansa suna kallo. Ta zaunar da jikokinta huɗu a jere, ta yaga leda, kowa ya lasa. Manyan uku suka shanye nasu suna neman ƙari. Hudu ya taɓa da harshe ya juya kai.

"Kai, wannan maigida nawa da girman kai yake," in ji Goggo tana dangwale masa kumatu. "Na yi maka girki ka ƙi ci? To, bari in ba waɗanda suka san darajata."

"Goggo, da an ajiye masa nasa, ko anjima zai karɓa," in ji Mairamu a hankali.

"A ajiye, waɗannan suna gani? So kike a ce na fifita maraya na koya wa sauran ƙinsa? Duk nawa ne."

A watan Disamba, bayan bam ya tashi a tashar Dukku, Mairamu ta roƙi Su'ad ta yi mata magana. Su'ad ta yi, da yamma, a ɗaki, ta dawo tana murza gefen mayafinta.

"Ya ce garin ba lafiya. Ya ce taron asibiti shi ne irin wurin da ake hari. Kuma ya ce ke daga Damboa kike, ba ki da katin shaida, idan sojoji suka tare ki a shinge ba a san inda maganar za ta tsaya ba."

"To ke ki kai shi, Anti. Ko Goggo."

"Mairamu, duk ma'aikatan wurin sun san fuskata. Sun zo sunan autana." Sa'an nan ta ƙara da cewa, "Ya fi mu sani. Aikinsa ne. Da abin ya kai, ai da ya faɗa."

Wannan magana ce ta riƙe gidan duka. Maƙwabciya ta leƙo ta ga yaron, ta buɗe baki, sai ta tuna gidan wa take, ta rufe. Wa zai koya wa Malam Bappayo abin da ya shafi yara? A wani gidan, da wata tsohuwa ta saɓa yaron ta fita da shi tun tuni. A nan kowa ya jingina da ilimin maigida, shi kuma ya jingina da shirun kowa.

Cikin Janairu sai abin ya sauya kama. Ƙafafun Hudu suka cika, sa'an nan hannuwa, sa'an nan fuska. Goggo ce ta fara gani, ta ɗauke shi ta fito tsakar gida tana rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa don kada ta keta alfarmar takaba.

"Ku zo ku ga angona! Ku ga kumatu! Bappayo, zo ka ga aikin abincin nan naka. Wa ya ce ba ya ji?"

Bappayo ya zo ya tsaya. Abu na farko da yake koya wa kowane sabon mai sa-kai shi ne wannan: idan ka ga yaro ya cika, danna bayan ƙafarsa da babban yatsa ka saki, in gurbin yatsan ya zauna, ba ƙiba ba ce, ruwa ne, kuma yaron ya fi ramammen da ke kusa da shi shiga haɗari. Ya danna ƙafafun yara da ba zai iya ƙirgawa ba, a ƙauyukan Dukku da Nafada da Kwadon. Ya dubi ƙafar ɗan ƙanensa, ya dubi gashin da ya koma ja yana karyewa, ya dubi fatar cinya da ta fara saɓulewa. Hannunsa na dama ya ɗan ɗago, sai ya zura shi a aljihu.

"Madalla," in ji shi. "A ci gaba da ba shi."

Mairamu tana bakin ƙofarta. Ita ce ke ɗaukar yaron, ta san nauyin ba na nama ba ne.

"Yaya, jikinsa sanyi yake yi. Ko ruwa ba ya so."

"Akwai baƙi da za su zo daga Abuja a watan gobe. Su wuce tukuna. Ni da kaina zan sa shi a mota."

Baƙin ba su zo a Fabrairu ba. Ranar sha huɗu ga watan, ranar da aka so yin zaɓe kafin a ɗaga shi, 'yan bindiga suka kutso gefen gari, jiragen yaƙi suka yi ta shawagi, aka kafa dokar hana fita. Mutanen gidan suka kwanta a ƙasa a ɗakin Goggo. Mairamu ta rufe Hudu da jikinta, ta lura cewa duk ƙarar da ake yi bai ko firgita ba. Aka ɗaga zuwan baƙin zuwa farkon Maris, aka ɗaga tafiyar Hudu asibiti tare da shi.

Ranar da suka zo, an share tsakar gida tun da hantsi, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi. Matan unguwa suka cika wurin da goyonsu. Baƙi uku suka zauna a kujeru, ɗaya yana ɗaukar hoto. Kafin su shigo Bappayo ya je ƙofar Mairamu, bai shiga ba.

"Mai takaba ba ta zama cikin taro, kin sani. Ki saki labule. In ya yi kuka ki lallashe shi."

Ta cikin labulen ta ji komai. Ta ji muryarsa a natse, yana bayani da Hausa yana juyawa da Turanci. Ta ji ƙarar ludayi a tukunya. Yana nuna yadda ake soya gero da waken soya da gyaɗa, a niƙa tare da busasshen kifi, a dama, a zuba manja cokali guda.

"Wannan kunu," in ji shi, "duk yaron da ke shan sa, tamowa ba ta da hanyar shiga gidansu."

Mata suka yi ta tafi. Goggo tana gaba-gaba, tana kallon ɗanta kamar yau ta fara ganinsa.

Mai dama kunun ita ce Sista Cordelia, ma'aikaciyar jinya da ke kula da ɗakin da ake kwantar da yaran da abin ya yi wa tsanani. Iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma a Gombe aka haife ta, Hausarta ba ta da gargada. Ta zagaya bayan madafa don ta wanke hannu, sai ta ji wannan siririn sauti. Fiye da shekara goma tana jin irinsa. Ta ɗaga labulen ba tare da sallama ba.

"Baiwar Allah, ɗan wa ne wannan?"

"Nawa ne."

Cordelia ta durƙusa, ta danna bayan ƙafar yaron, ta saki. Gurbin ya zauna kamar an danna ɗanyen ƙullu. Ta buɗe masa ido, ta taɓa tafin hannunsa, ta lakato ɗan kunun da ya rage a yatsanta ta kai masa baki. Bai motsa leɓe ba.

"Tun yaushe ya kumbura?"

"Tun kafin harin nan."

"Yesu. Oga ya gani?"

Mairamu ta ja zane ta rufe ƙafar yaron. Cordelia ta fita, ta jira har aka fara raba kunu a kofuna, ta ja Bappayo gefen zaure.

"Oga, yaron da ke ɗakin can. Yau zai kwanta. Ba gobe ba."

"Sista, rage murya. Ina sane da shi."

"Kana sane? Ya kumbura har fuska, ba ya karɓar abinci, jikinsa ya yi sanyi. Kai ka koya mini abin da wannan yake nufi. Madarar da muke fara ba irinsa a asibiti yake bukata, kaɗan-kaɗan, da ma'aikaci a kansa. Ba ni shi in tafi da shi yanzu a motar ofis."

"A motar da baƙi za su shiga? Uwarsa tana takaba, ba ta fita. Kuma kin san ƙa'ida, ba a kwantar da yaro ba mai jinya."

"Ni zan yi jinyar. In kwana da shi."

Bappayo ya gyara hularsa. Muryarsa ta ƙara laushi.

"Cordelia, ki yi tunani. Garin nan a yanzu, a ce ke kin shiga gidan Musulmi kin ɗauke maraya daga hannun mai takaba, kakarsa tana kururuwa a titi. Wa zai tsaya ya ji bayaninki? Ni ina kare ki ne. Za mu kai baƙi Kwadon su ga cibiyar can, mu dawo. Gobe da sassafe zan kawo shi, in ce ɗan maƙwabta ne."

Cordelia ta dube shi. Ta riga ta tura 'ya'yanta wurin kakarsu a kudu tun bayan bam ɗin tasha, kuma sabunta kwangilarta a hannunsa take. Ta koma ɗakin da sauri, ta durƙusa kusa da Mairamu.

"Ki rufe shi da zane, ki manna shi a jikinki. Ruwa da ɗan sukari a cokali, kaɗan-kaɗan. Kada a ba shi wani abu mai nauyi, kin ji? Kada a matsa masa. Gobe ina jiranku."

Aka kira ta daga waje, mota tana jira. Goggo ba ta ji wannan gargaɗi ba. Tana can tana sallamar mata.

Bayan azahar gida ya yi tsit. Su'ad ta raka wata maƙwabciya. Goggo ta kankare sauran kunun daga tukunya, mai kauri, manja yana ƙyalli a kansa, ta shigo da kwano.

"Miƙo mini shi. Da kunnena na ji Bappayo ya ce wanda ya sha wannan ya rabu da cuta. Ga magani a gidanmu muna ba 'ya'yan wasu."

"Goggo, ma'aikaciyar nan ta ce kada a ba shi abu mai nauyi."

"Wace? Mai dama kunun? Ita ta fi wanda ya koya mata? Yaro ba ya ƙin abinci a bar shi. Ubansa ma da ɗura na raya shi, da shi da wansa."

Ɗura tsohuwar hanya ce, kuma Goggo gwana ce a kanta. Ta kwantar da yaron a cinyarta, kansa ya ɗan yi ƙasa, ta tara tafin hannu a bakinsa, ta cika da kunu, ta toshe masa hanci da yatsa. Yaro mai ƙarfi yakan yi fafutuka, ya haɗiye don ya sami numfashi. Shekarun da Bappayo ya yi yana yawo ƙauyuka yana hana mata wannan al'ada, bai taɓa zama ya hana ta a gidansu ba, domin 'ya'yansa masu ci ne, ba a taɓa bukata ba.

"Riƙe masa ƙafa."

"Goggo, don Allah."

"Riƙe, na ce! So kike ya bi ubansa?"

Mairamu ta riƙe. Babu ma abin riƙewa, ƙafafun ba su motsa ba. Hudu ya ja numfashi, kunun ya bi inda bai kamata ba. Ya yi tari sau ɗaya, mara ƙarfi, kunu ya fito ta hanci. Goggo ta ɗaga shi tana bubbuga bayansa tana cewa, "Yauwa, ya shiga, ya shiga." Amma numfashinsa ya koma wani gurgur, haƙarƙarinsa suna shiga suna fita, leɓunansa suka sauya launi.

Mairamu ta karɓe shi. Ba ta nemi takalmi ba. Ta ratsa tsakar gida, ta shiga zaure.

"Mairamu! Takabar! Mairamu, ɗana fa!"

Ta fita. A bakin titi ta tsaya, domin ba ta san ko dama za ta yi ko hagu ba. Wata bakwai tana Gombe, ba ta san komai na garin ba sai wannan ƙofa. Wani mai Keke Napep ya ga yadda take riƙe da yaron, ya tsaya, ya ce ta shiga, bai tambayi kuɗi ba. Ta ce masa asibitin yara masu tamowa. Ya ce akwai fiye da ɗaya, wanne? Ta ce inda Sista Cordelia take. Bai san ta ba. Ya nufi wanda ya fi kusa.

A shingen sojoji layi ya yi tsawo, ana sauke kowa ana bincike. Mai Keken ya sauka da gudu, hannuwansa a sama, yana roƙo. Wani soja ya zo ya leƙa, ya ɗaga gefen zanen da bakin yatsa, ya daɗe yana kallo. Bai tambaye ta katin shaida ba. Bai tambaye ta daga ina take ba. Ya cire hularsa, ya ce da mai Keken cikin gurɓatacciyar Hausa ya mayar da ita gida.

An binne Hudu kafin magariba. Bappayo ya dawo daga Kwadon ya tarar an gama wanka.

A zaman makoki mutane suka yi ta jinjina lamarin. Wani ya ce, in har yaro zai mutu a gidan Malam Bappayo, to lallai kwana ne ya ƙare, babu abin da ilimi zai yi. Wani ya ce yaran gudun hijira da ciwonsu suke zuwa. Bappayo ya ce wa abokan aikinsa sarƙewa ce, tsautsayi, abin da ya faru cikin minti kaɗan yana bakin aiki. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ya fi ƙarya muni. Cordelia ta zo gaisuwa, ta zauna a ɗakin Mairamu, ta riƙe hannunta. Da za ta fita ta wuce Bappayo a zaure ba ta gaishe shi ba. Iyakar abin da ta iya ke nan. Sunan Hudu bai shiga lissafin yaran da shirin ya karɓa ba, bai shiga na waɗanda ya rasa ba. Alƙaluman unguwar Malam Inna na wannan wata sun fita da kyau.

Goggo ta rame. Takan zauna ta dubi tafin hannunta na dama. Amma abin da ta iya furtawa shi ne damuwarta a kan takaba: tunda Mairamu ta fita har titi, ba takalmi, maza sun gan ta, shin ba sai an sake daga farko ba? Ta ce a zauna a sake, don Suhaibu.

Wannan ya zo wa Bappayo a lokacin da bai dace ba. An ba shi kujerar shugaban shirin. Zai koma gidan da ofis ya kama masa, kuma ba ya son ya ɗauki Mairamu, ba ya kuma son ya bar ta a nan tana haɗuwa da masu zuwa gidan koyi. An sami wata innarta a unguwar Kagarawal da ta ce za ta karɓe ta. Sai ya tara su a tsakar gida bayan la'asar, Goggo a kan kujera, Su'ad a gefe, Mairamu a bakin ƙofarta.

"Goggo, babu maganar sakewa," in ji shi, da muryar da yake bayani a taro. "Fita don larura ba ta ɓata takaba. Ban da haka ma, idda daga ranar rasuwa ake lissafa ta, ba daga ranar da labari ya iso ba. Suhaibu ya rasu cikin azumi. Idan aka lissafa, Mairamu ta fita tun ƙarshen Nuwamba. Saboda haka ba abin da ya hau kanta. Gobe ma tana iya tafiya."

Su'ad ta ɗago ta dubi mijinta.

Mairamu ta yi magana ba tare da ta durƙusa ba.

"Yaya, wa ya gaya maka haka? Yau ka tambayo?"

Da ya yi shiru na ɗan lokaci, da ya sami abin faɗa. Amma mutum ne da bai saba a yi shakkar saninsa ba, amsar ta riga shi fita.

"Wane irin tambayowa? Ai wannan sananne ne. Tun muna makarantar zaure muka karanta shi."

Ya ji abin da ya faɗa bayan ya gama faɗarsa. Ashe tun ranar da Goggo ta hana ta taka zaure, ya sani. Mairamu ta dube shi har sai da ya kawar da kai, sa'an nan ta shiga ɗaki ta fara naɗe tabarmarta. Ba ta jira gobe ba.